SAYEN GIDA "YADDA YAKE": MI MAI SAYE KE ƊAUKA A KANSHI?

Jawabin da kwamitin ƙungiya ya karanta a taron ƴan gari. An buga shi nan don waɗanda ke nesa da dattawan da ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

 

Maganarmu ta yau ta sayen gida ce a birni. Kun san dalilin da ya sa ɗan ci-rani ke son ya mallaki gida cikin ƙasarshi. Dattawan da ke zaune gabanmu sun ga korar baƙi daga Gana a 1969, sun ga ta Nijeriya a 1983, matasa kuma sun ga yadda ƴan uwa sunka dawo daga Libiya a 2011 daga su sai rigar wuyansu. Wanda ya ga haka ba ya sake aje duk abin da ya tara a ƙasar wani. Sai dai mai zama nesa ba ya iya tsayawa bisa kan magina wata shida, ya ƙirga buhun siminti, ya ƙirga bulo. Don haka yawancinmu gida ginanne muke biɗa, wanda wani ya zauna ciki, a biya a amshi makulli. Irin wanga ciniki kusan kullum yana zuwa da kalma guda. Dillali zai ce maka: "Alhaji, ga gida nan, yadda ka gan shi haka za ka saya." In an je wurin notar, a takarda ana rubuta ta da Faransanci, "en l'état", watau a halin da yake ciki. Mutane na sa hannu bisa wannan kalma ba su tambayi nauyinta ba.

To, mi take nufi? Tana nufin daga ranar da anka sallama, gyaran gida ya tashi daga wuyan mai saidawa ya koma wuyanka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. In rufi na yoyo, naka ne. In masai ya cika, naka ne. In katanga ta faɗi da ruwan farko, ba ka da wanda za ka kama.

Amma ba duka aibi ke ɗaya ba, kuma a nan muke so ku saurara da kyau. Dokar ciniki da gidajen shari'armu ke aiki da ita mun gaje ta daga Faransa, asalinta tun 1804. Ta raba maganar uku. Na farko, aibin da ido ke gani, wanda mai saye zai iya ganowa da kanshi in ya duba. Aya ta 1642 ta ce mai saidawa ba ya da alhakin irin wannan, ko an rubuta "yadda yake" ko ba a rubuta ba. Ba ka duba ba, kai ka so. Na biyu, aibin da ke ɓoye, wanda shi kanshi mai gidan bai san da shi ba. A asali aya ta 1641 ta ɗora mashi alhakinshi, amma aya ta 1643 ta ba shi dama ya fidda kanshi in an rubuta haka cikin takardar ciniki. Aikin da kalmar ga ke yi ke nan, in an tsara ta yadda ya kamata: tana ɗauke mashi wannan nauyi ta aza maka. Na uku, aibin da mai gida ya sani ya rufe. Wannan kam babu kalmar da ke wanke shi. In ka kawo shaida, kana iya maida gida a maido maka kuɗinka, ko ka riƙe gida a rage maka wani abu, har ma a biya ka hasarar da ka yi.

Malamanmu su ma suna da magana a nan, kuma tasu ta fi tsanani ga mai saidawa. A mazhabar Maliku, kamar yadda ake karantawa cikin Risala da Muhtasar na Halilu a zaurukanmu, wajibi ne mai saidawa ya faɗi aibin da ya sani, ya nuna shi, ya yi bayaninshi dalla-dalla. Bai isa ba ya ce "gidan duk aibi ne, ka gani ka saya" don ya dunƙule magana. Sharaɗin "ba ruwana da abin da ya fito daga baya" kuwa, a magana mafi shahara, an yarda da shi ne a cinikin bayi na zamanin da kaɗai, shi ma sai ga aibin da mai saidawa bai sani ba. Game da gida, malamai sun yi wani rabo mai ban sha'awa. Aibi ɗan ƙanƙane ba a komawa kanshi. Matsakaici, kamar tsaga a bangon da ba a tsoron faɗuwar gida saboda ita, ba a maida gida amma a rage ma mai saye ƙimar aibin. Babba kuwa, wanda ake tsoron rushewa saboda shi, ko wanda ya kashe amfanin gida, kamar rijiya mai ruwan gishiri a unguwar da ruwanta ke da daɗi, ana maida gidan. Sun saɓa kan inda matsakaici ya ƙare babba ya fara, waɗansu sun ce sulusin kuɗin gida. Mutanen da sunka rubuta haka ɗaruruwan shekaru da sunka wuce, a gani namu, sun san gidan ƙasa fiye da dillalan yau da yawa.

Wace daga cikin biyun za a yi maka hukunci da ita? Ya danganta ga takardarka da inda kunka kai ƙara. Tun dokar tsarin shari'a ta 1962, da waɗanda sunka canje ta daga baya, alƙalanmu na bin al'adar masu ƙara a maganar gado da ta filin da ba a yi ma rajista ba, amma in fili na da titir, ko an yi cinikin ta hanyar da doka ta tsara, rubutacciyar doka ake bi. Gaban sarki ko limami, sulhu za a yi maku, kuma can maganar malamai ke da ƙarfi.

Kada dai wannan ya sa ku saki jiki. Samun haƙƙi a littafi daban, amsar shi a hannu daban. Ƙaƙa za ka tabbatar ma alƙali cewa mai gida ya san ruwa na shiga ɗaki? Sai maƙwabta sun yarda su tsaya maka, su kuwa shekara ashirin suna sallah masallaci guda da shi, kai baƙo ne. Doka ta ce kuma a kai ƙara ba da jinkiri ba da zarar an gano aibin. Kai kana Abijan, sai bayan wata takwas za ka zo. Mai saidawa ya riga ya raba kuɗin, ya aurad da ɗiya, ya tafi Makka. Ko ka ci shari'a, mi za ka amsa? Shi ya sa muke cewa duk ƙarfin mai saye yana gabanin ya miƙa kuɗi. Bayan nan sai roƙo.

Sai mu zo ga duba. Abu na farko shi ne lokaci. Mu ƴan ci-rani da kaka ko da rani muke da kuɗi a hannu, kuma lokacin ne kowane gida ke da kyau. Ƙasa ta bushe, an share tsakar gida, an shafa farar ƙasa. Gida kuwa sai cikin malka, tsakiyar Agusta, yake faɗin gaskiya. In da hali, a bari ruwa ya sauka sosai, washegari da safe a je a gani: ina ruwan tsakar gida ke fita, ina na titi ke bi, ƙofar gida ta fi titi tudu ko titi ya fi ta. A birni titi na ƙara tudu shekara bisa shekara saboda yashi da shara da cikon da kowa ke zubawa ƙofarshi, tsohon gida kuwa yana nan inda yake, har ya zama kwano.

Ba sai mun tuna maku abin da ruwa ya yi ba, amma za mu faɗa don matasa. Tsohon garin Maraɗi a bakin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, shi ya sa anka maida gari bisa tudu. A Satumba 2020 kogin Kwara ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, madatsar da ke kare Harobanda ta ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde, Karaje da Kirkisoy. A damanar 2024 mutum fiye da 300 sunka rasu cikin ƙasa baki ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda sunka fi shan wuya, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba, har komawa lakwal sai da anka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. Gidajen da ruwa ya shiga waɗannan shekaru ba su ɓace ba. An yaɓe su, an shafe su, waɗansu suna hannun dillalai yanzu haka da kuɗi mai sauƙi. Gidan da ke cikin tsohon tabki, ko bakin ƙorama irin Guntu Yena, ko inda anka cike kududdufi anka yanka filaye, ko nawa ka zuba wajen gyara ba ka canza mashi wuri. Bango ana sakewa, rufi ana sakewa, kwari ba a ɗauke shi.

In ba a iya jiran damana, akwai masu ba da labarinta. Duba gindin bango ciki da waje. Ruwan da ya kwanta yana barin zane, kuma gishiri na fitowa fari-fari yana cin yaɓe daga ƙasa. In ka ga sabon siminti ya kewaye gindin ɗaki kamu biyu ko uku, sama kuwa tsoho ne, tambayi dalili. Duba bangon maƙwabta, su ba su yi shafe don zuwanka ba. Kuma ka yi fira da mutanen da ba su da riba cikin cinikin: mai tebur na bakin titi, mai shayi, tsohuwar da ke saida ƙosai, yaran da ke wasa. Yaro zai nuna maka da hannu inda ruwa ya kai bara, ba ya san ana ɓoyewa ba.

Abu na biyu, je da magininka. Muna nufin naka, wanda kai ka kira ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarshi sai ciniki ya faɗa take fitowa, kowa kuwa ya san inda zuciya ke karkata. Magini ya ƙwanƙwasa bango ya ji. Gidaje da yawa da ake kira na siminti, tubalin ƙasa ne anka lulluɓe da yaɓen siminti. Ba laifi ba ne, irin ginin da yawancinmu munka iya ke nan, amma kuɗinshi ba na bulo ba ne, kuma in ruwa ya samu kafa ya shiga tsakanin yaɓe da ƙasa, bango na narkewa daga ciki fuska na nan lafiya lau, har ranar da zai zube gaba ɗaya. Ya hau bisa ya duba kwano, ya soka wuƙa cikin azara da katako, don gara daga ciki take ci. In soro ne, a duba indararo da daɓen rufi. A tona kaɗan a gindin bango guda a ga zurfin harsashi. Tsaga mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda ta fi faɗi a gefe guda, alama ce ƙasa na motsi ƙarƙashin gini, kuma cusa mata siminti ba ya tsaida ta. A duba masai, shekararshi nawa, saura nawa ya cika, ina za a gina wani, kuma ina nisanshi da rijiya in akwai. A buɗe famfo a gani ko ruwa na zuwa, da wane lokaci. Mutanen Damagaram ba sai an gaya masu wannan ba.

Mai gidan da ya hana a hau rufi, ko ya ce ɗaki guda a kulle yake makulli na wurin wani, ya riga ya ba ka amsa.

Wata magana ga ƴan uwa na nesa. Yanzu ana aiko maku hoton gida ta WhatsApp, ku duba cikin waya ku ce a biya. Wannan cinikin biri a sama ne. Mai ɗaukar hoto inda ya so yake nunawa, kuma a gaban shari'a, in wakilinka ya shiga gidan ya fito ya ce ya gani, kai ka gani. Duk abin da ido zai iya kamawa ranar nan ya zama naka. To, dubi wanda kake turawa. Ƙanen da bai taɓa aza tubali ba, mai jin kunyar yi ma dattijo tambaya, ba shi ne ɗan aike ba a wanga sha'ani, ko da kuwa amintacce ne.

In magini ya gama, ya faɗi kuɗin gyara, a haɗa da na gida. Mu ɗauki misali kawai, ba farashin kasuwa ba. An ce maka gida miliyon 8, wani kusa da shi mai lafiya miliyon 10. Ka ga rangwamen miliyon 2. Magini ya ce sake rufi, sabon masai da ɗaga katanga za su ci miliyon 2 da jika 500. Ke nan mai arahar ya fi tsada, ga wahala, ga watannin da ba mai haya ciki. Amma in ka riƙe wannan lissafi a hannu, kana da abin taya gida da shi. Kalmar "yadda yake" ba ta hana ciniki. Ita ce ma dalilin ragi, tunda ka ɗauke ma mai gida nauyi, sai ya biya ka ladan ɗauka.

Yanzu ga inda mutanenmu sunka fi faɗawa rami. Kalmar ga bisa gini take magana. Ba ta shafi mallaka ba. Wanda ya saida maka gida, ko da wane sharaɗi, ya ɗauki alkawarin cewa nashi ne kuma yana da ikon saidawa. Amma dillalai na ja ma kalmar wuya har ta rufe takardu. Ka tambayi takarda a ce maka: "Ai mun ce yadda yake." A'a. Bango mai tsaga ana saye da sani, takarda mai tsaga ba a saye.

Takardun kuwa hawa-hawa ne. Akwai ta gargajiya, wadda mai gari ko sarki ya sa ma hannu, ko kwamitin filaye da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa. Tana da amfani a gona da ƙauye, amma a gefen birni, inda gari ke cin gonaki, ba ta hana gobe a zo a yanka wurin a fidda titi ta tsakar ɗakinka. Akwai takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bisa filin da anka yanka, mai lambar ilo da lambar fili, wadda ake kira akt da sesiyon. Yawancin gidajen birni ita gare su. Sai titir fonsiye, wanda ya fi duka ƙarfi, da sauƙaƙƙen nau'inshi da anka fito da shi a 2006 anka sa mashi suna Sheda. Ko wace anka nuna maka, kada ka tsaya ga ganinta. A kai lambar ofishin da ya bada ta, a buɗe littafi, a ga sunan wa ke ciki. Fili guda mai takarda biyu ko uku ba sabon labari ba ne a biranenmu. In titir ne, a tambayi ofishin rajistar filaye ko an jinginar da shi ga banki, don jingina gidan take bi, ba ta bin wanda ya ci bashin. In an ce asalin takarda ta ɓace sai kwafi, ku yi tsammanin tana cikin akwatin wani mai bin bashi, har sai an nuna maku ba haka ba. Kuma a kira mai awon fili ya nemo duwatsun iyaka. Sau da yawa zaure ko shagon da ya sa gidan ya burge ka bisa titin gwamnati yake, ko cikin filin da anka keɓe ma lakwal ko kasuwa. A Yamai akwai gandun itatuwa da anka fara dasawa kewaye da gari a 1965, an yi gine-gine cikinshi, an kuma sha rushewa. Ranar da katafila ta zo ba ta tambayar nawa ka biya.

Gidan gado kuwa sai mun daɗe kanshi, don yawancin gidajen da ake saidawa "yadda suke" na gado ne. Mai shi ya rasu, magada sun yi yawa, ba mai iya gyara, kowa na son rabonshi. Babban ɗa ke tsayawa gaba, shi ke riƙe da takarda, shi ke magana da dillali. Amma gidan ba nashi ba ne shi ɗaya. Akwai ƴan uwanshi mata da ke gidajen aure, akwai ɗiyan wata matar da anka rabu da ita tun da daɗewa, akwai wanda ya tafi Libiya ko Sudan shekara goma ba labari. Kowanensu na da kaso cikin kowane tubali. Abin da za a nema shi ne takardar zaman iyali da anka tabbatar a gidan shari'a, mai sunayen magada duka, da sunan wanda sunka wakilta, da yardarsu a saida. In akwai marayu ƙanana, rabonsu ba ya saiduwa da bakin kawu kaɗai, sai da izinin alƙali. In matar mamaci na cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, tana da haƙƙin zama ɗakinta har ta gama, kuma ba ɗan garinmu da za mu so a ce shi ya fidda mai takaba waje.

Ga kuma abin da malamai ke kira shuf'a. In gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya saida rabonshi ga bare, sauran na da ikon biyan kuɗin da baren ya biya su amshe. Wanda ke gari ya ji ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinshi ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa, nashi na nan komi daɗewar tafiyarshi. Ku da ke zaune ƙasashen waje ku riƙe wannan ta fuska biyu: tana kare ku game da gidan ubanku, tana kuma iya cin ku in kun sayi rabon wani a gidan da ɗan uwanshi ke can Kurmi bai sani ba.

Sauran abubuwan za mu bi su da sauri. In da ƴan haya ciki, a san ko sun biya na gaba, wata nawa, kuɗin ajiyarsu na hannun wa, kuma a rubuta ranar tashinsu, ko a yarda su zauna su riƙa biyanka. A nemi faktir na ƙarshe na wuta da na ruwa da shaidar biya, a rubuta lambar da kontar ke nunawa ranar miƙa makulli. A tambaya ko akwai bashin lanho bisa gidan. Kuɗin notar da na rajista da na canjin suna a san tun farko wa zai biya, don ba ƙanana ba ne.

Kada wani ya fita nan ya ce kwamiti ya hana sayen gida yadda yake. Sau da yawa mai faɗin haka ba macuci ba ne. Gwauruwa ce ba ta da abin gyara, ko ma'aikacin da anka canza ma gari, ko magadan da ba su taɓa kwana gidan ba balle su san inda yake yoyo. Suna so in sun saida su huta, kuma haƙƙinsu ne. Wani lokaci ma shi ne ciniki mafi kyau: tsohon gidan ƙasa a Zango ko Sabon Gari, kusa da kasuwa, bisa tudu, takarda tsab. Nan fili kake saye. Ka taya shi da kuɗin fili, ka cire na rushewa da kwasar ƙasa, ginin kuwa ka ɗauke shi gyara. Mun fi son wannan sau goma bisa ga gida mai fenti da tayil a cikin kwari. Kuma a tuna cikinmu akwai masu saidawa. Ɗan gari in zai saida ma ɗan gari, ya kama hannunshi ya kai shi inda ke yoyo. Abin da zai rasa cikin kuɗi bai kai abin da gidajensu biyu za su rasa ba in magana ta fito daga baya, a garin da aure ya haɗa kowa da kowa.

Wajen rubutu, ga shawararmu. Kada a bar kalmar "yadda yake" ita kaɗai cikin takarda. A lissafa aibin da anka gani ɗaya bayan ɗaya, mai saye ya ce ya yarda da waɗannan. Sa'annan a sa mai saidawa ya faɗa a rubuce cewa iyakar saninshi ke nan, ya faɗa ko ruwa ya taɓa shiga gidan da wace shekara, ya faɗa babu jingina, babu rigima, babu magajin da bai yarda ba. Mai gaskiya ba ya ƙin sa hannu bisa wannan. In daga baya ta fito ƙarya ya yi, ga shaidarka da hannunshi, ba sai ka roƙi maƙwabta ba. In an rubuta da Faransanci, wani naka ya fassara maka layi-layi kafin ka dangwala. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, a rubuta cewa za a maido shi in takardu ba su fito daidai ba. Sauran kuɗi sai gaban notar da shaidu, ranar da asalin takarda da makulli za su shigo hannunka. A yi canjin suna nan da nan, kada a bari sai wata zuwa.

Abin da kwamiti ke kawo ma taro shi ne a naɗa mutum uku a Yamai, uku a Maraɗi, uku a Damagaram, uku a Tawa: dattijo guda, magini guda, da guda mai karatun Faransanci wanda ya san ofisoshi. Duk ɗan ƙungiya da zai sayi gida ya sanar da su kafin ya bada ko dala. Ba su amsar la'ada daga kowane ɓangare. Kuɗin mota da ladan magini mai saye zai biya, ba asusun ƙungiya ba. Abin da sunka gani su rubuta, kwafi guda ga mai saye, guda ga magatakarda. Kuɗin gida ba ya bi ta hannunsu. In taro ya amince, kowane reshe ya miƙa ma magatakarda sunayen mutanenshi uku kafin zama mai zuwa.